Murar Tsuntsaye: Darasin da Tailand Ta Saya da Kaji Miliyan 62

Duk lokacin da aka ji a rediyo cewa murar tsuntsaye ta ɓulla a wata gonar kaji, hankalin jama'a yakan tashi ta fuska biyu. Mai saye yana tambaya ko cin kaza da ƙwai zai cutar da iyalinsa. Mai kiwo kuwa, wanda wataƙila da bashi ya zuba 'yan tsakin da ke gonarsa, lissafi yake yi na abin da zai rage masa idan jami'ai suka zo suka kashe kajin suka binne. Damuwar mai saye ce ta fi amo a kasuwa da kafafen labarai, amma damuwar mai kiwo ce ke nuna inda cutar za ta tsaya. Shi ne mutum na farko da ke ganin kaza ta mutu, tun kafin likitan dabbobi ko kwamishina ya ji labari, kuma a hannunsa zaɓi yake: ko ya kai rahoto, ko ya yi shiru ya kira dillali ya kwashe sauran. Ƙasar Tailand, a kudu maso gabashin Asiya, ta gane haka bayan ta sha wuya, kuma hanyar da ta bi ta fita ta cancanci mu zauna mu yi nazarinta.

A ƙarshen 2003 Tailand tana cikin manyan ƙasashen duniya masu fitar da naman kaji, Japan da Tarayyar Turai su ne manyan masu saye. A lokacin kaji suka fara mutuwa da yawa a lardunan tsakiyar ƙasar. Makonni suka shuɗe hukumomi na cewa wata cutar kaji ce da aka saba da ita, har firayim minista Thaksin Shinawatra da ministocinsa suka ci naman kaza a gaban kyamarori don su kwantar da hankalin jama'a. Sai a ranar 23 ga Janairun 2004, bayan an tabbatar da cutar a jikin ƙananan yara, gwamnati ta amsa cewa ƙwayar H5N1 ce. Kafin nan cutar ta riga ta bi motocin dakon kaji ta watsu a larduna da dama. Japan da Turai suka rufe ƙofa nan take. Kaji da agwagi kimanin miliyan 62 suka salwanta, wasu cutar ta kashe, wasu hukuma ta kashe don tare ta. Tsakanin 2004 da 2006 mutum 25 suka kamu, 17 suka rasu, da yawansu yara ne da suka taɓa kajin gida marasa lafiya. Har dabbobin dawa ba su tsira ba: a wani gidan ajiye damisa a Sri Racha an yi asarar damisa 147 bayan an ciyar da su ɗanyen naman kaji masu ɗauke da cutar.

Ɓoyon da aka yi don a kare ciniki, shi ne ya rusa cinikin. Abin sha'awa shi ne Tailand ba ta tsaya a nan ba. Cikin kusan shekara biyar ta shawo kan cutar, rahoto na ƙarshe a gonakin kajinta a wancan zango ya zo ne a Nuwamban 2008, kuma ta yi hakan ba tare da ta amince da yi wa kaji allurar rigakafi ba.

Matakin farko da ta ɗauka shi ne na diyya. Dokar ƙasar ta tanadi a biya mai kiwo kashi 75 cikin ɗari na darajar abin da aka kashe masa. A watannin farko, da annobar ta tsananta, gwamnati ta ɗaga shi zuwa cikakken kuɗi, daga baya ta komar da shi kashi 75. Hikimar a fili take. Mutumin da ya san zai sami mafi yawan kuɗinsa daga hukuma ba shi da dalilin loda kaji marasa lafiya a mota da tsakar dare. Wanda kuma ya san ba za a biya shi komai duka ba, ba zai yi sakaci da tsaftar gonarsa yana jiran gwamnati ta ɗauki asara ba. An kuma sauya salon kisan da kansa. Da farko duk tsuntsun da ke cikin tazarar kilomita 5 daga inda cutar ta ɓulla kashe shi ake yi, abin da ya cinye kaji masu lafiya ba adadi, ya kuma sa mutane gudu da nasu. Daga baya aka taƙaita kisan ga gonar da ta kamu da waɗanda suka yi hulɗa da ita, aka ƙara ƙarfi wajen hana zirga-zirgar kaji a kewayen.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi jan hankalina. Tun ƙarshen shekarun 1970 Tailand take da masu aikin sa kai na kiwon lafiya a ƙauyuka, mutanen gari ne, galibinsu mata, kowace tana kula da gidaje goma zuwa goma sha biyar na maƙwabtanta. A watan Oktoban 2004 gwamnati ta haɗa su da ma'aikatan dabbobi, aka bi ƙasar gida-gida ana tambayar abu biyu: akwai kazar da ta mutu ko ta yi rashin lafiya a gidan nan, akwai kuma wanda zazzaɓi ya kama bayan ya taɓa ta? Dubban ɗaruruwan mutane suka shiga wannan aiki, aka kuma maimaita shi a shekarun da suka biyo baya. A makonnin farko adadin wuraren da aka gano cutar ya yi tashin gwauron zabo, wanda bai fahimta ba sai ya ɗauka abin ya ƙara lalacewa ne. Gaskiyar ita ce cutar tana nan tun da, yanzu ne aka samu masu ganinta. Matar da ba za ta gaya wa baƙon jami'i cewa kajinta sun mutu ba, ta gaya wa maƙwabciyarta da suke haɗuwa a wurin biki da jana'iza.

Daga bayanan da aka tattara a wannan zagaye ne masana suka gano abu na uku. Da suka ɗora taswirar inda cutar ta fi yawa a kan taswirar kiwo, sai suka ga ba ta bin manyan gonakin kaji yadda aka zata. Agwagin da ake kiwo a sake take bi, waɗanda ake ɗauka a mota daga wannan gonar shinkafa zuwa waccan bayan girbi don su tsinci ragowar hatsi da dodon koɗi, musamman a lardin Suphan Buri da kewayensa. Agwagwa tana iya ɗaukar ƙwayar cutar ta riƙa zubar da ita a kashinta alhali tana yawonta lafiya lau, kaza kuwa kwana ɗaya ko biyu take yi ta faɗi. Sai aka yi wa garkunan agwagi rajista, aka riƙa gwada su kafin a bar su su tashi daga wuri, aka kuma taimaka wa masu su da gina musu matsuguni. Haka aka yi da zakarun faɗa, wasan da mutanen karkarar ƙasar ke ji da shi. An san hana shi gaba ɗaya zai mayar da shi ɓoye ne kawai, don haka aka ba kowane zakara takardar shaida mai ɗauke da hotonsa da sakamakon gwajinsa, ba ya ƙetare lardi sai da ita. An dubi al'adar mutane aka nema mata tsari maimakon a yi faɗa da ita.

Ta fuskar kasuwanci ma sun yi dabara. Tun da zafin girki yana kashe ƙwayar cutar, kamfanonin ƙasar suka koma fitar da dafaffen naman kaji, wanda Japan da Turai suka yarda su karɓa. Ɗanyen nama sai da ya jira shekaru: Tarayyar Turai ta sake buɗe masa ƙofa a 2012, Japan a ƙarshen 2013. Amanar da aka zubar cikin 'yan makonni ta ɗauki shekara takwas zuwa kusan goma kafin ta dawo. Akwai kuma ɓangaren da bai kamata mu kwaikwaya ido rufe ba. Sharuɗɗan gina rufaffun ɗakunan kaji sun fi ƙarfin ƙananan masu kiwo da dama, suka bar sana'ar, manyan kamfanoni suka ƙara mamaye ta. A ƙasa irin tamu, inda 'yan kaji goma a tsakar gida su ne kuɗin makarantar yaro da kuɗin magani, duk tsarin da zai kori talaka daga kiwo ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Hong Kong ta ƙara mana wani darasi ta ɓangaren kasuwa. A can ne aka fara ganin H5N1 ta kama mutane, a 1997, inda 18 suka kamu, 6 suka rasu. A ƙarshen Disambar shekarar hukumomi suka kashe dukkan kajin yankin, sama da miliyan ɗaya, cikin 'yan kwanaki, a lokacin da Margaret Chan, wadda daga baya ta shugabanci Hukumar Lafiya ta Duniya, take riƙe da sashen lafiya. Abin da ya fi wannan kisa ɗorewa shi ne gyaran da ya biyo baya. An raba agwagi da dinya daga kaji. A 2001 aka sa ranar hutun kasuwa sau ɗaya a wata, ranar da ake yanka duk abin da ya rage, a fitar da kejuna a wanke, a fesa magani, daga baya aka mayar da ita sau biyu. A 2008 aka hana kaza mai rai kwana a rumfar mai sayarwa. Dalilin mai sauƙi ne. Idan kullum sababbin kaji na shigowa suna tarar da na jiya da na shekaranjiya, ƙwayar cutar ba ta taɓa rasa jikin da za ta koma ba. Da zarar an bar rumfa ba kowa na yini guda, an yanke mata hanya.

Mu dawo gida. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar da H5N1 a gonar kaji, a watan Fabrairun 2006, a Jaji ta Jihar Kaduna. Kajin sun fara mutuwa tun a Janairu, kusan wata guda ya wuce kafin sakamakon gwaji ya fito daga Padova ta Italiya. Ba a jima ba aka ji ta a Kano da Filato, cikin watan kuma ta bayyana a Magariya ta Jamhuriyar Nijar, dab da kan iyaka, sannan a Marwa ta arewacin Kamaru. A farkon 2007 wata matashiya ta rasu a Legas sakamakon cutar. Diyyar da aka sanar da farko naira 250 ce a kan kowace kaza, ƙasa da kuɗinta a kasuwa, kuma a kan wadda jami'ai suka kashe kaɗai ake biya, ban da wadda ta riga ta mutu. Duk mai hankali ya san abin da irin wannan lissafi zai haifar. Da aka gyara farashin da tallafin Bankin Duniya, aka ƙarfafa sa ido, cutar ta lafa a 2008. Wannan nasara tamu ce, kuma shaida ce cewa abin yana yiwuwa a nan. Sai dai da ta dawo a farkon 2015, ta Kano da Legas, masu kiwo da yawa sun daɗe suna jiran kuɗinsu, kuma tun daga lokacin ba ta daina leƙowa ba, a Najeriya da Nijar duka.

Idan muka jera labarin Tailand da namu, abin da ya fito fili shi ne diyya ba sadaka ba ce, kuɗin sayen labari ne. Gwamnati tana biyan mai kiwo ne don ya gaya mata inda cutar take tun tana gona ɗaya. Kuɗin da zai zo bayan shekara biyu ba ya sayen wannan labari, domin mai gona a yau yake yanke shawara, yana kallon kajinsa na faɗuwa, mai abincin kaji kuma na jiran kuɗinsa. Abin da ake buƙata shi ne asusu na dindindin da aka ware tun kafin annoba, farashi sananne da ke tafiya da na kasuwa, da wa'adin biya na makonni. Jihohin da suka fi yawan gonakin kaji, irin su Kano da Kaduna da Filato da Bauchi, za su iya haɗa hannu da ƙungiyar masu kiwon kaji su kafa irin wannan asusu, kowa ya riƙa zuba ɗan abu a lokacin lafiya. Kuma dole a sa mai kaji ashirin a cikin lissafi, ba mai dubu ashirin kaɗai ba, domin ƙwayar cutar ba ta tambayar girman gona.

Ta ɓangaren masu bin gida-gida kuwa, ba sai mun ƙirƙiro sabon abu ba. Yaƙin shan inna ya bar mana mata dubbai da suka san kowane lungu da kowane gida a unguwanninsu, ya kuma nuna abin da ke faruwa idan mai unguwa da dagaci da hakimi da limami suka ɗauki magana tasu ce. Da wannan tsari aka kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a 2020. Ƙara tambaya ɗaya a kan aikin waɗannan mata, ko kaji sun mutu da yawa a gidan nan cikin makon nan, ba zai ci wani kuɗi mai yawa ba. Akwai dalili na musamman da ya sa muke buƙatar haka. Mun saba duk hunturu annoba ta share kajin gida, wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle, kuma alamominta sun yi kama da na murar tsuntsaye ƙwarai: mutuwar farat ɗaya, kasala, zawo, raguwar ƙwai. Ido ba ya rarrabe su, sai gwaji. Sabon da muka yi da waccan shi ke sa a ce "ai ta kowace shekara ce", a share gawarwakin a zubar a bola. Alhamdu lillahi, yanzu cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom tana yin gwajin a gida, ba sai an jira Turai ba. Abin da ya rage shi ne hanyar da samfuri zai bi daga ƙauye ya isa can cikin kwana ɗaya ko biyu, da lambar waya guda da kowa ya sani wadda idan an kira za a ɗauka.

Darasin agwagi ma ya shafe mu kai tsaye. A gidajenmu kaza da agwagwa da zabo da talotalo da tattabara a kasko ɗaya suke shan ruwa. Dausayin Haɗeja zuwa Nguru da yankin Tafkin Chadi suna karɓar tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga Turai da Asiya duk hunturu, kuma noman shinkafar rani yana ƙara faɗaɗa a Kura da Haɗeja da Kebbi. Ba wanda zai hana tsuntsu tashi, amma ana iya hana shi sauka a kan abincin kaji da ruwan shansu, ana kuma iya raba wa agwagi wurin kwana. Tailand ta gano nata raunin ne don ta tattara bayanai ta duba, mu ma sai mun duba namu da idonmu. Wataƙila a wurinmu babbar hanyar cutar ita ce kiret ɗin ƙwai na kwali da ke yawo daga gona zuwa gona, ko dillalin da ke shiga ɗakin kaji biyar a yini da takalmi ɗaya, ko buhunan kashin kaji da ake kai wa masu lambu. Jami'o'inmu da ke da tsangayar likitancin dabbobi a Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da ɗaliban da za su iya bin waɗannan hanyoyi su zana mana taswirarsu.

Ranar wanke kasuwa kuwa ita ce mafi araha cikin duk darussan. Kasuwannin ƙauye da ke ci mako-mako suna da hutunsu tun asali. Matsalar tana kasuwannin birni da ke ci kullum, inda ake yanka da figa a gefen kejunan kaji masu rai, wasu kajin kuma su yi mako a rumfa. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kaji za su iya tsayar da yini ɗaya a wata ba tare da jiran doka daga Abuja ko Yamai ba, in dai ƙaramar hukuma ta kawo ruwa da maganin feshi. Asarar cinikin yini guda ba ta kai ta rufe kasuwa na wata guda ba.

Game da lafiyar mutane, gaskiya ta fi kwantar da hankali a kan lallashi. Cutar ba ta saurin kama ɗan Adam, kuma har yanzu ba ta iya yaɗuwa tsakanin mutane cikin sauƙi. Amma idan ta kama tana da tsanani: daga 2003 zuwa yau an tabbatar da ita a jikin mutum sama da 900 a duniya, kusan rabinsu sun rasu. Naman da ya dahu sosai da ƙwan da ya nuna har ƙwanduwa ba su da haɗari. Haɗarin yana wurin yanka da figa da gyaran kayan ciki na kazar da ba ta da lafiya, aikin da galibi mata da yara ke yi. Ɗabi'ar nan ta gaggawar sa wa kaza wuƙa da an ga ta fara layi, don kada ta zama mushe, a lokacin annoba tana iya jawo wa gida abin da ya fi asarar kaza. Wannan magana ce da malamai za su iya isar da ita daga kan mumbari fiye da kowace sanarwar ma'aikata. Bayyanar cutar a jikin shanun madara a Amurka a 2024 ta ƙara nuna cewa ƙwayar tana sauya hali, kuma duk lokacin da aka bar ta ta yi yawo ana ƙara mata damar koyon sabuwar hanya.

Tailand ba ƙasa ce mai arzikin Turai ba, kuma ba ta fara da ƙafar dama ba. Ta yi jinkiri, ta yi asara, sannan ta tsara abubuwa yadda faɗin gaskiya zai fi wa mai kiwo riba a kan ɓoyewa. Kayan aikin da ta yi amfani da su, wato mutanen gari da aka yarda da su, da kuɗin da ke zuwa a kan lokaci, da bincike a kan yadda jama'a ke kiwo a zahiri, duk muna da irinsu ko muna iya samar da su. Lokacin shirya su shi ne yanzu da kaji ke lafiya: a zauna tsakanin ma'aikatar gona da ƙungiyar masu kiwo da masu sarauta, a tsayar da farashin diyya da wa'adin biya, a sanar a rediyo da harshen da kowa ke ji, domin duk wanda ya wayi gari ya tarar da kajinsa a zube ya san wanda zai kira, ya kuma san kiran ba zai talauta shi ba.